Babi na Huɗu: Gadon da Gwamnatin Farko ta Nijar Ta Tarar

Me ya sa 'yancin kai bai zo da sauƙin da aka yi wa talakawa alkawari ba? Ana jin wannan tambaya a bakin dattawan da suka ga saukar tutar Faransa da idonsu, ana kuma jin ta a bakin jikokinsu waɗanda suka san labarin a aji kawai, kuma amsar da aka saba bayarwa ba ta wuce ɗaya daga cikin biyu: ko dai a ce Turawa sun tafi amma hannunsu bai tafi ba, ko kuwa a ce shugabannin farko ne suka ci amana. Kowace daga cikin amsoshin tana da rabonta na gaskiya, sai dai kowace tana gajarta labarin har ta ɓata shi. Jamhuriyar Nijar, wadda ta karɓi mulkin kanta ranar 3 ga Agusta 1960 a ƙarƙashin Diori Hamani, ta isa a yi nazari a kanta, domin a tarihinta ana iya raba matsalolin da gwamnati ta gada ba da son ranta ba da waɗanda ta jawo wa kanta, kuma wanda bai raba su ba zai yi wa mutanen wancan zamani rashin adalci, ko dai wajen zargi ko wajen wanke su.

Ƙasar da aka miƙa

Faɗin Nijar ya kai murabba'in kilomita 1,267,000, wato ta fi Najeriya girma, amma a 1960 mutanenta ba su wuce kimanin miliyan uku ba, kuma wajen kashi biyu cikin uku na ƙasar hamada ce. Galibin jama'a suna zaune ne a wani siririn yanki da ya bi iyakar kudu, tun daga bakin kogin Kwara har zuwa tafkin Chadi, inda ruwan sama ke isar gero da dawa da wake. Faransa ta riƙe yankin a matsayin ƙasar soja har 1922, sannan a 1926 ta ɗauke hedikwata daga Damagaram ta mayar da ita Yamai, can gefen yamma, nesa da inda mutane suka fi yawa.

Tsakanin Yamai da Damagaram akwai tafiyar kusan kilomita 900, kuma a lokacin karɓar mulki hanyar burji ce, wadda ƙoramu kan yanke da damina har mota ta kwana tana jiran ruwa ya janye. Babu layin dogo ko taƙi ɗaya, kuma babban birnin kansa bai samu gada a kan kogi ba sai a 1970, lokacin da aka buɗe gadar Kennedy. A ɗaya ɓangaren kuwa, Damagaram ba ta fi kilomita 250 daga Kano ba, Maraɗi kuma ba ta kai kilomita ɗari daga Katsina ba, saboda haka fatauci da auratayya da almajiranci duk kudu suke fuskanta kamar yadda suka saba tun kafin a shata iyaka. Mutumin Magarya ya fi sanin farashin Kurmi ta Kano fiye da sunan ministan da ke Yamai. Aikin farko da ya hau kan gwamnati ke nan tun kafin a zo maganar arziki: ta sa mutanen da ba hanya ɗaya suke bi ba, ba kasuwa ɗaya suke ci ba, su yarda cewa ƙasa ɗaya suke.

Wa zai riƙe alƙalami?

Gwamnati ba ta tafiya sai da akawu da malamin asibiti da alƙali da injiniya, kuma a nan ne gadon mulkin mallaka ya fi muni. A 1960 yaran da ke zuwa makarantar boko ba su kai biyar cikin ɗari na waɗanda suka isa shiga ba, adadin da ke cikin mafi ƙanƙanta a duk Afirka ta Yamma. Ƙasar ba ta da jami'a, kuma sai a farkon shekarun 1970 aka kafa ta Yamai. 'Yan kaɗan ɗin da suka yi zurfi a karatu yawancinsu sun bi ta makarantar William Ponty ne da ke Senegal, inda ake horar da malamai da akawuna, kuma daga cikinsu ne shugabannin farko suka fito: Diori Hamani malamin makaranta ne, haka ma Boubou Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokoki tun daga farko har ƙarshen mulkin. Malaman allo da na ilimi suna nan da yawa a garuruwa da ƙauyuka, masu rubutu da Larabci da ajami, amma tsarin da aka gada bai ƙirga su cikin masu ilimi ba, tun da da Faransanci kawai ofis ke aiki.

Turawa sun cike giɓin ne ta hanyar kawo ma'aikata daga Dahome, wato Benin ta yau, da Togo da Senegal, waɗanda suka riƙe gidan waya da baitulmali da asibitoci. Bayan 1960 kuma Faransawa da yawa suka ci gaba da zama a matsayin mashawarta, wasu a ofisoshin ministoci, wasu a harkar tsaro, wasu ma a kan kujerar kumandan, wato jami'in da ke mulkin gunduma. Manomin da ya zo da ƙara a shekarar farko ta 'yanci yakan tarar da ginin da ya sani, da dogarin da ya sani a bakin ƙofa, da tafintan da zai juya maganarsa zuwa harshen da ba ya ji, da takardar da zai dangwala wa yatsa ba tare da ya san abin da ke cikinta ba. Tuta ce kawai ta sauya a tsakar filin, don haka ba abin mamaki ba ne idan ya koma gida yana tambayar abin da aka ce an samu.

Gwamnati ta yi ƙoƙari a nan, kuma ya kamata a faɗa. Ta kafa makarantar horar da jami'an mulki a 1963, ta buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci cikin harsunan ƙasa, ta ƙarfafa kulob-kulob na masu sauraron rediyo a ƙauyuka, har a 1964 ta fara gwajin koyar da yara ta talabijin saboda ƙarancin malamai. Amma shekaru ake ɗauka kafin yaron da ya shiga aji ɗaya ya zama likita, kuma kafin nan wasu matsaloli biyu sun riga sun kafu. Ta farko ita ce albashin ma'aikata, wanda aka gina a kan ma'aunin Turawa, ya zama yana cinye kaso mai tsoka na kasafin kuɗi, alhali masu cin sa 'yan tsiraru ne. Ta biyu ita ce, da yake makarantu da ofisoshi sun fi yawa a yamma tun da aka mayar da hedikwata can, manyan muƙamai suka fi taruwa a hannun mutanen yankin, yayin da yankunan gabas da tsakiya, inda Hausawa da suka kai kusan rabin jama'ar ƙasar suke, suka zama su ne masu noman abin da ke ciyar da baitulmali.

Baitulmalin da ke rataye a kan gyaɗa

Kuɗin shigar gwamnati a wancan lokaci daga wurare kaɗan suke fitowa: harajin kai, wanda mutanen Nijar ke kira lanho, da jangalin dabbobi, da kuɗin kwastan, sai kuma tallafin da Faransa ke bayarwa don cike abin da ya rage. A da, Nijar tana cikin tarayyar ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka daga Dakar, inda ake ɗibar wani abu daga ƙasashen bakin teku masu arziki a taimaka wa na cikin tudu, amma tarayyar ta watse a 1959, rufin asirin ya tafi da ita. Abin da ya rage wa ƙasar na sayarwa a waje shi ne gyaɗa, wadda ke kawo fiye da rabin kuɗin kayan da ake fitarwa, sai dabbobi, waɗanda yawancinsu da ƙafa suke tsallaka iyaka zuwa kasuwannin Najeriya ba tare da malamin kwastan ya gan su ba.

Wanda ke son ya fahimci yadda wannan gwamnati ke numfashi sai ya dubi kasuwar gyaɗa a ƙasar Matamai ko Magarya ko Tasawa bayan kaka. Da an buɗe lokacin saye, manoma kan shigo da jakuna da raƙuma ɗauke da gyaɗar da iyali suka kwana suna ɓarewa, a jera buhuna a gaban sikeli, mai awo ya ɗora ya faɗi nauyi, malami ya rubuta, a ƙirga wa mutum kuɗinsa a hannu. Manomin bai iya karanta sikeli ba, don haka abin da aka faɗa masa shi ne nauyin kayansa. Daga cikin kuɗin zai biya bashin da dillali ya ba shi da bazara lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuma a daidai wannan lokaci ne mai gari ke zagayawa da takardar lanho, domin an tsara karɓar haraji ya zo daidai da lokacin da kuɗi ke hannun mutane. Abin da ya saura shi ne na tufafin iyali da gishiri da kananzir da hidimar aure. Ma'ana, haraji ne ke tilasta noman gyaɗa, gyaɗa kuma ke biyan haraji, kuma wannan zagaye da Turawa suka ƙirƙira gwamnatin 'yan ƙasa ta karɓe shi yadda yake, domin ba ta da wani abin da za ta sa a madadinsa.

Abin da ta iya yi shi ne ta rage ƙarfin kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA, waɗanda suka daɗe suna riƙe da sayen gyaɗa da sayar da kayan masarufi. A 1961 ta kafa bankin raya ƙasa, BDRN, a 1962 kuma ta kafa SONARA, kamfanin da aka ba shi kaɗai ikon fitar da gyaɗa waje, da COPRO-Niger mai shigo da kayan masarufi, da UNCC mai kula da bashin manoma da ƙungiyoyin gama-kai. SONARA ba ta kori tsofaffin kamfanonin ba, ta mayar da su masu saye a madadinta tare da 'yan kasuwar gida da aka ba lasisi, kuma ta wannan ƙofa da ta bashin banki ne wasu daga cikin alhazan Maraɗi suka samu jarin da ya ɗaga su. Riba ta fara tsayawa a cikin ƙasa, wannan gaskiya ne, amma a ofis da kanti take tsayawa, kaɗan ne ke isa gona.

Babbar matsalar tana can waje. Faransa ta saba sayen gyaɗar ƙasashen da ta mallaka a kan farashin da ya ɗara na kasuwar duniya, domin masana'antun manta su samu abin sarrafawa. Da ta shiga kasuwar haɗin gwiwar Turai, aka kuma ƙulla yarjejeniyar Yawunde a 1963 tsakanin kasuwar da ƙasashen Afirka, sai aka fara janye wannan rangwame a hankali, kafin ƙarshen shekarun 1960 ya ƙare. Gwamnatin da ba ta da ta cewa a kan farashin Turai sai ta sauke nauyin a kan wanda ba zai iya ƙi ba: kuɗin da ake biyan manomi ya ragu, haraji kuwa bai ragu ba. Manomi ya amsa da hanyoyin da ya sani. Idan farashi ya fi kyau a ƙetaren iyaka, buhuna su bi dare su sauka a Daura ko Jibiya, idan kuma na Nijar ya fi, gyaɗar Najeriya ta hauro. A gona kuwa sai ya faɗaɗa noma don ya cike giɓi, ya daina barin saura ta huta, ya nausa arewa cikin makiyayar Fulani da Buzaye, abin da ruwan sama mai kyau na shekarun 1950 da farkon 1960 ya sa ya zama kamar babu haɗari a cikinsa. Gwamnati ta hango rikicin har ta yi doka a 1961 da ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba ta arewa, amma ba ta da ma'aikatan da za su tsare layin, kuma tana bukatar gyaɗar da ake nomawa.

Hanyar teku a hannun maƙwabta

Ƙasar da ba ta da gaɓar teku tana biyan kuɗin mota sau biyu, wajen fitar da kaya da wajen shigo da su. Gyaɗar gabas hanyarta ta asali ita ce a kai ta Kano a manyan motoci, jirgin ƙasa ya ɗauka zuwa Legas. Faransawa, da ba su son dukiyar yankinsu ta bi ta ƙasar Ingila, sun tallafa wa wata hanya tun a shekarun 1950, wadda ke bi ta Gaya zuwa Paraku, inda layin dogo ke ɗauka zuwa Kwatano, kuma a 1959 aka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwa tsakanin Nijar da Dahome don tafiyar da ita. A shekarar ne kuma Nijar ta shiga ƙungiyar Entente tare da Kwaddibuwa da Dahome da ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau.

Raunin wannan dogaro ya bayyana a ƙarshen 1963, lokacin da rikici ya tashi tsakanin Nijar da Dahome a kan tsibirin Lete da ke cikin kogin Kwara, jim kaɗan bayan an kifar da gwamnatin Hubert Maga, abokin Diori, a Dahome. Nijar ta kori dubban 'yan Dahome, cikinsu har da ma'aikatan da ofisoshinta suka dogara da su, Dahome kuma ta toshe hanyar kaya. Korar ta faranta ran matasan da ke jiran gurbin aiki, amma ta bar ofisoshi da azuzuwa babu ƙwararru, toshe hanyar kuma ya nuna cewa maƙwabci na iya shaƙe ƙasar ba tare da ya harba bindiga ba. An sasanta daga baya, ko da yake maganar tsibirin ba ta mutu ba sai a 2005, da kotun duniya ta ba Nijar shi.

Hannun Faransa

A watan Afrilu 1961 Nijar ta sa hannu a kan yarjejeniyoyin haɗin kai da Faransa, waɗanda suka shafi tsaro da kuɗi da ilimi da ma'adinan da ake ɗauka masu muhimmanci ga tsaro, inda aka ba Faransa fifiko wajen sayensu. Ƙasar ta ci gaba da amfani da kuɗin sefa, wanda aka ɗaure da kuɗin Faransa a kan sefa hamsin ga faran ɗaya, kuma baitulmalin Faransa ne ke tsaya masa. Amfanin wannan tsari shi ne kuɗin ba ya faɗuwa kuma ana karɓarsa a waje, illarsa kuwa ita ce gwamnati ba ta da ikon buga kuɗi ko sauya darajarsa don ta taimaki manomanta. An kafa rundunar sojan ƙasa a 1961 daga sojojin da suka yi wa Faransa aiki, amma sojojin Faransa sun ci gaba da zama a ƙasar na wasu shekaru.

Yana da sauƙi a yau a kira wannan miƙa wuya, amma ya kamata a tuna abin da Diori yake gani a gabansa. Ya ga yadda Faransa ta kwashe ma'aikatanta da tallafinta daga Gini bayan ta zaɓi 'yanci nan take a 1958, ga shi kuma Gini tana da teku da ruwan sama, abubuwan da Nijar ba ta da su. Ya ga Mali ta fita daga sefa a 1962, ta sha wuya, ta koma neman sulhu da Faransa a 1967. Shugaban da albashin ma'aikatansa ke jiran tallafin Faris ba shi da sararin yin fito-na-fito. Duk da haka ba kullum yake bin abin da Faransa ke so ba: a yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ya tsaya tare da gwamnatin tarayya alhali Faris tana karkata ga Biyafara, domin ya san rayuwar Maraɗi da Damagaram a ɗaure take da zaman lafiyar Kano da Katsina. Yuraniyom ɗin da masu binciken Faransa suka gano a yankin Agadas tun ƙarshen shekarun 1950 bai taimaki shekarun farko da komai ba, tun da sai a 1968 aka kafa kamfanin SOMAIR, kuma sai a 1971 aka fara fitar da ma'adinin daga Arlit.

Rigimar da aka shigo da ita daga 1958

Duk abin da aka lissafa zuwa nan gado ne. Wanda ke tafe kuwa akwai hannun gwamnati a cikinsa dumu-dumu, kuma asalinsa ya girmi ranar 'yanci da shekara biyu.

Kafin Diori, ɗan siyasar da ke kan gaba a Nijar shi ne Djibo Bakary, ɗan uwansa kuma ɗan garinsu, wanda ya fito daga ƙungiyar ƙwadago, ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai a 1956, ya kuma jagoranci gwamnatin cikin gida ta farko a 1957. Jam'iyyarsa, Sawaba, ta yi ƙarfi a tsakanin direbobi da leburori da ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, musamman a garuruwan tsakiya da gabas, kuma tana da zumunci da NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda irin waɗannan mutane ne ƙashin bayanta. Da Janar de Gaulle ya kira ƙuri'ar raba-gardama ta 28 ga Satumba 1958, inda "i" ke nufin zama cikin ƙungiyar ƙasashen da Faransa ke jagoranta, "a'a" kuma ke nufin 'yanci nan take, Djibo ya zaɓi "a'a" kamar yadda Sekou Toure ya yi a Gini. Faransa ba ta shirya rasa Nijar ba, ƙasar da ke iyaka da Aljeriya inda take tsakiyar yaƙi. Ta turo sabon gwamna, Colombani, wanda ya juya ma'aikatan mulki da yawancin sarakuna suka yi wa "i" aiki. Sakamakon da aka bayyana ya ba "i" kimanin kashi 78 cikin ɗari, a zaɓen da akasarin masu rajista ba su fito ba. Djibo ya sauka, aka sake zaɓen majalisa a watan Disamba, jam'iyyar PPN-RDA ta Diori da abokan ƙawancenta suka yi rinjaye, aka ayyana jamhuriya ranar 18 ga Disamba 1958. A watan Oktoba 1959 aka haramta Sawaba, Djibo kuma ya riga ya fita gudun hijira.

Ke nan Nijar ta shiga 'yanci da jam'iyya ɗaya, da kuma wani babban ɓangare na jama'arta da ke ganin an ƙwace musu mulki da taimakon Bature. Gwamnatin da ta hau ta wannan hanya tana da zaɓi biyu: ta buɗe ƙofa ta nemi sulhu bayan ta zauna daram, ko ta ci gaba da tsare ƙofar da ƙarfi. Ta ɗauki na biyu. Aka cika gidajen kurkuku da 'yan Sawaba, ma'aikatar cikin gida ƙarƙashin Diamballa Yansambou Maiga ta baza 'yan leƙen asiri da 'yan bangar jam'iyya, har mutum ya zama yana tauna maganarsa a tasha da majalisar shayi. A watan Disamba 1963 wani ɓangare na soja ya yi bore, wanda aka kashe wutarsa, amma ya ƙara wa masu mulki tsoro.

Su ma 'yan Sawaba da ke waje sun yi nasu kuskuren mai tsada. Sun tura matasa horon soja a Aljeriya da Sin da Biyetnam ta Arewa, suka samu mafaka a Gana ta Kwame Nkrumah, sannan a ƙarshen 1964 suka shigo da ƙananan rundunoni ta iyakokin kudu da yamma, da zaton talakawa za su tashi su mara musu baya. Talakawa ba su tashi ba. An kama mafi yawansu cikin 'yan makonni, aka harbe wasu a bainar jama'a, wasu suka mutu a tsare. A watan Afrilu 1965 aka jefa gurneti a filin idi na Yamai ranar babbar salla da nufin kashe Diori, ya tsira, kamen da ya biyo baya kuma ya fi na farko tsanani. Da aka kifar da Nkrumah a watan Fabrairu 1966, Sawaba ta rasa madogararta ta ƙarshe. A zaɓen 1965 Diori shi kaɗai ne ɗan takara, haka kuma a 1970.

Sarakuna, jam'iyya da talaka

Gwamnatin da ba ta da ma'aikata a ƙauye, ta kuma rufe bakin 'yan adawa, dole ta nemi wanda zai riƙe mata jama'a, kuma babu wanda ya fi sarakuna dacewa da wannan aiki. PPN ta fara rayuwarta a 1946 tana sukar sarakunan da Turawa ke amfani da su wajen aikin tilas, amma tun daga 1958 ta ƙulla da su, wasu suka shiga majalisa, wasu suka zama ministoci, kamar Mouddour Zakara da aka ba kula da harkokin makiyaya da yankin Sahara. Sarki da hakimi da mai gari suka ci gaba da tara haraji suna samun ladansu daga ciki, gwamnati kuma ta riƙe ikon naɗawa da tuɓewa. Gyaran mulki na 1964, wanda ya raba ƙasar jihohi bakwai, ya sauya sunayen muƙamai, amma umarni ya ci gaba da gangarowa daga sama kamar da.

A nan ne gwamnatin ta yi karo da kanta. Ita ce ta ƙirƙiro shirin wayar da kan manoma, inda ake zaɓar mutane daga ƙauye a horar da su don su tattauna matsalolin garinsu su kawo shawara, kuma a tsakiyar shekarun 1960 aka gwada barin ƙungiyoyin gama-kai su riƙe kasuwar gyaɗa da kansu a ƙasar Damagaram, manomi ya koyi karanta sikeli ya auna kayan ɗan uwansa. Inda aka yi hakan da gaske, mutane sun karɓe shi hannu biyu. Sai dai manomin da ya iya duba sikeli zai iya duba takardar haraji, wanda kuma aka koya wa faɗin ra'ayinsa a kan rijiya zai faɗe shi a kan hakimi da wakilin jam'iyya, kuma waɗannan su ne ginshiƙan da mulkin ya jingina da su. Duk lokacin da shirin ya kai wannan gaɓa sai a ja masa linzami. Ita kanta jam'iyyar ta daskare: 'yan kwamitin ƙolinta kusan su ne dai tun kafin 'yanci, kuma ba ta sake kiran babban taro ba a tsawon shekarun mulkin.

Wannan tsari ya ba Nijar shekaru goma sha huɗu ba tare da juyin mulki ba, a zamanin da sojoji suka karɓe Togo da Dahome da Gana da Najeriya da Mali, kuma ya ba Diori damar yin suna a waje, har a Yamai aka kafa hukumar haɗin kan ƙasashe masu amfani da Faransanci a 1970. Amma farashinsa shi ne labarin ƙauye ya daina isa fadar shugaban ƙasa yadda yake, domin mai gari da ake auna ƙwazonsa da yawan harajin da ya tara ba zai yi saurin cewa rumbunan garinsa sun ƙare ba, jami'in da ke tsoron a kira shi ɗan Sawaba kuma ba zai rubuta rahoton da zai ɓata wa na sama rai ba. Muddin damina tana kyau, ana iya tafiya a haka. Daga 1968 ruwan sama ya fara ja da baya, gonakin da aka faɗaɗa zuwa arewa suka fara bushewa, dabbobi suka fara faɗuwa a bakin rijiyoyi, a daidai lokacin da Diori ya fara neman Faransa ta ƙara kuɗin yuraniyom. Yadda fari da yunwa da cinikin ma'adinin suka haɗu har sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da gwamnatin ranar 15 ga Afrilu 1974, shi ne abin da babi na gaba zai bi daki-daki.